Ummi, Ki Riƙa Duba Min Launin Ruwan

Doguwa,
Ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga uwata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya fashe, ba abin da ya salwanta. Ki gaishe min da Gwaggonki Talatu da mai gidanta da yara, ki ce mata na gode da ɗakin da ta ba ki. A cikin kwalin kwamfuta zan sa takardar, a saman tawul, don na san shi za ki fara buɗewa kafin akwatin tufafinki.

Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan kamar na ɗan aji ɗaya. Da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, nake rubutawa, a bakin zaure inda haske ya fi yawa. In kin ga layi ya hau kan layi, kin san dalili.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda sanda za ki karanta wannan jiya-jiya kika bar shi. Maganar kwalbar nan ce da kika kawo min, wadda ƙawarki ta makaranta ta aiko miki. Kika ce ruwan sanyaya kwamfuta ne mai launin hoda, mai kauri kamar madara, kuma kin gani a waya yadda yake juyawa a cikin tiyo yana ƙyalli. Na ji murnar da ke cikin muryarki, amma sai na ce miki, "Ba a cikin na'urata ba," na tashi na shige ɗaki. Ban kyauta ba. Na farko dai na'urar ba tawa ba ce yanzu, taki ce. Na biyu kuma, duk shekarun da na yi ina koyar da kimiyya, abin da nake nanata wa sababbin malamai shi ne, in ɗalibi ya kawo tambaya a ba shi dalili, kada a ba shi tsawa. Ga dalilin nan zan ba ki, ko da ya zo a makare.

Kin san masu zanen gidajen da suka ɗauke ki aiki sun ce sai kin zo da kwamfutarki, mai ƙarfin da za ta ɗauki zanensu. In wannan ta mutu a hannunki, ba ni da halin haɗa miki wata. Shagon koyar da kwamfuta na rufe shi, ido kuma ya ƙi. Aikinki a kan wannan na'ura yake tsaye, ita kuma rayuwarta tana cikin ruwan da ke zagaya ta. Shi ya sa na damu da abin da za ki zuba mata.

Kina firamare lokacin da na fara haɗa mata ruwa, don haka bari in tuna miki. Zafin bazara ne ya tilasta ni. Da rana ta take, ɗalibai suna zaune, ina tsakar haɗa hoton bikin mutane, sai fanka ta yi ta kuka, na'ura ta ɗauke. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a waje ya aiko min da kayan: ƙaramin famfo, tanki mai gani-har-hanji, tiyo, lagireto, da farantin jan ƙarfe da ke kwanciya a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta yana tsotse zafinta. A cikin farantin nan akwai hanyoyin ruwa sirara, sun fi haƙoran matsefi matsuwa. Duk abin da ke cikin ruwa, can yake zuwa ya zauna. Mahaifiyarki da ta leƙo ta ga tiyo ya shiga nan ya fito can, sai ta ce ashe majinyaci na kwantar a shago ana yi masa ƙarin ruwa. Tun daga ranar sunan ya bi ta, Majinyacin Malam.

Abin da bai aiko min da shi ba shi ne ruwan. Ni kuma na ɗauka ruwa ai ruwa ne.

Na dai san ba a zuba na rijiyar burtsatse, don na ga farin dattin da yake bari a gindin butar shayi. Sai na ce ruwan sama ya fi kowane tsarki, tunda daga sama yake, bai taɓa ƙasa ba. Na tara bokiti a ƙarƙashin indararo, na tace da farin ƙyalle, na zuba ina alfahari. Na manta cewa kafin ya iso bokitina ya wanke kwanon rufi, da kashin tantabarun maƙwabta, da ƙaiƙayin masarar bara. Damina ba ta fita ba sai da gansakuka ta yi wa tiyo riga daga ciki. Abin da zan ce miki a nan: ganin ruwa fari ƙal ba shaida ba ce. Na leda ma da na gora, an yi su ne don ciki, gishirin ƙasa da ke sa su daɗin sha shi ne yake toshe farantin. A birni za ki ji masu cewa ki tari wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Kada ki yarda, shi ma ya bi ta kan ƙarfe da datti. Abin da ake so shi ne ruwan da aka dafa ya zama tururi, aka tari tururin ya koma ruwa, ya baro komai a tukunya. In kina shakka, ki ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ki bar shi ya bushe. In ya bar farin zobe, ki ba shuka.

Da na gane haka sai na tafi Tudun Wada neman ruwan batir, don a littafi na san shi ne wannan tataccen ruwan. Na sami wani mai cajin batir kusa da tasha. Na tambaye shi ko zalla ne, ba a haɗa da komai ba. Ya dube ni ya yi dariya.

"Haba Malam, ai wannan mai ƙarfi ne na ba ka. Ko mataccen batir ka zuba wa sai ya tashi."

Na ji maganar, ban saurare ta ba. Hankalina yana kan motar Doguwa da ke shirin tashi. Mutumin bai cuce ni ba, gaskiya ya faɗa min: a wurinsa ruwan batir mai kyau shi ne wanda aka sirka da asid. Ni malamin kimiyya na ɗauko asid a jarka, na ratsa dajin Falgore da shi a cinyata, na zo na ɗura wa jan ƙarfe. Kwana kaɗan ruwan ya koma shuɗi-shuɗi, farantin ya yi tabo, robobin mahaɗa suka saki. Sai da na wargaza komai na wanke. Saboda haka duk ruwan da aka kira na batir, kafin ya kusanci na'urarki, ki sa ɗan garin kanwa a cokali ki ɗiga masa. In ya yi kumfa yana tsuwa, akwai asid. Mafi kyau ma ki nemi masu sayar da kayan ɗakin gwaji na makarantu, ki sayi wanda yake a rufe. Kuma in mai kaya yana yabon kayansa, ki tsaya ki ji me yake yabo a ciki, don wani lokaci abin da yake yabo shi ne abin da zai kashe miki aiki.

Akwai kuma shekarar da na ga lagireto ɗaya bai ishe ta ba, wani bakanike abokina a Yako ya ba ni ƙaramin na mota kyauta. Na alminiyon ne. Na koyar da wannan darasi a allo ba sau ɗaya ba, cewa in jan ƙarfe da alminiyon suka haɗu a ruwa ɗaya, ɗaya yana cin ɗaya a hankali. Amma kyauta ce, kuma ya dace da gurbin. Alminiyon ya cinye, ya huje, ya cika tanki da farin gari kamar dusa. Duk abin da ke cikin na'urarki yanzu jan ƙarfe ne da danginsa. Kada ki ƙara mata wani ƙarfe sai kin tabbatar da ko menene shi, ko da kyauta aka ba ki.

Waɗannan duk rashin kula ne, kuma sun wuce. Wanda zan faɗa miki yanzu ya fi su nauyi a zuciyata.

Kin tuna zuwan Inna na ƙarshe daga Bebeji, wadda kika ci sunanta. Allah bai nufe ta da zuwa Makka ba, amma ƙaninta ya kawo mata ruwan Zamzam a 'yar jarka, tana ta tattalinsa, sai maras lafiya ko mai naƙuda take ɗibar wa. Ta ce a kai ta shago ta ga abin da ya hana ɗanta noma. Ta daɗe tana kallon tiyo, ta tambaye ni ko ciwo na'urar take yi. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Sai ta tambaye ni ko da gaske wannan abin ne yake ciyar da jikokinta. Na ce da ikon Allah shi ne. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da gorar da ta ɗuro daga jarkar, ta ce:

"To buɗe masa baki. Wanda yake wahala dominku, ai shi ma yana da rabo."

Na san Zamzam ruwa ne mai yawan gishirin ƙasa. Ga jikin mutum alheri ne, amma jan ƙarfe ba jikin mutum ba ne. A lokacin kuma zallar tataccen ruwa nake zubawa, ban san maganin hana tsatsa ba. Duk da haka na buɗe murfin tanki. Na tallafe hannunta, ta zuba tana motsa leɓe. Ta bar min gorar, ta ce duk sanda ruwan ya ja baya in ƙara. Ban iya ce mata a'a ba, kuma har gobe ban tabbata zan iya ba.

Wannan ba shi ne babban kuskuren ba. Da na bari ta koma Bebeji na zubar na wanke, da ba abin da zai faru. Amma ba a yi wata biyu ba ta kwanta, kuma ba ta tashi ba. Bayan an share makoki na dawo shago, na kunna na'ura, na ga ruwa yana zagayawa, sai na ji ba zan iya zubar da abin da hannunta ya zuba ba. Na riƙa ƙarawa daga gorar har ta ƙare. Lokacin canji ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce. Ina ganin fari-fari yana taruwa a bakin mahaɗa, ina jin famfo ya canja murya, ina kau da kai. Mahaifiyarki ta gane. Ta ce min sau ɗaya, a hankali, wai Inna ba a cikin tanki take ba, in ina son yi mata wani abu in yi mata sadaka. Na yi kamar ban ji ba.

Wata rana da azahar mahaɗar da ke saman katin hoto, wanda ke fitar da hoto a fuskar kwamfuta, ta ci ta fara ɗiga. Ban gani ba sai da na ji ƙauri. Katin ya ƙone, da aikin bikin mutane a kan hanya. Kin san abin da ya biyo baya, don ke ce kika zauna gida zangon karatu guda kafin mu farfaɗo, kina cewa ba komai alhali na san da komai. Ruwan kuwa na tare shi a kwano, na kai gindin darbejiyar bayan gida inda ƙafa ba ta takawa, na zuba. Abin da na ƙi yi da daɗin rai, sai da na yi shi da asara.

Ummi, za ki haɗu da mutanen da ke ƙaunarki, su miƙo miki abu da zuciya ɗaya. Ki karɓa da hannu biyu. In Zamzam ne ki sha, ki shafa, ki yi addu'a. Ba dole sai ya shiga tanki ba kafin a san kin girmama mai bayarwa. Ƙawarki ma da ta aiko da kwalbar hoda, ƙauna ce ta sa. Ki gode mata sosai.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ƙi mai launi. Irin wannan mai kaurin, wani gari ne mai laushi aka dama a cikinsa. Muddin famfo yana juyawa yana da kyan gani. Amma ke da ni mun san wutarmu. In na'ura ta kwana biyu a kashe, garin yakan fara kwantawa, kuma inda ya fi son kwanciya shi ne siraran hanyoyin nan na cikin faranti. Masu amfani da shi sukan canja shi akai-akai, suna wargaza komai suna wankewa, don yawancinsu don nuni suka haɗa tasu. Ke da taki za ki ci abinci. Bayan haka kuma, ruwa mai launi yana ɓoye ciwo. Wanda yake garau, da ya fara lalacewa zai gaya miki: kore gansakuka ce, shuɗi jan ƙarfe ne yake ciwo, hazo-hazo kuma ko tiyo ya tsufa ko wani ƙarfe yana narkewa. Mai launin hoda ba zai gaya miki komai ba sai ranar da kika ji ƙauri.

Amma ko garau ɗin, sai da mai gani. Wannan kin fi ni sani.

Bara na matsar da teburin zuwa bakin taga. Na ce wa kowa don iska ne. Ni kaina ban san haske nake bi ba. Rana ta riƙa dukan tanki kullum da hantsi, ga shi na yi jinkirin canji. Kika shigo kawo min abinci, ɗalibai suna zaune, kika ce, "Baba, ruwan nan ya yi kore." Na duba na ce garau yake. Kika sake faɗa. Na ce miki a gaban yaran mutane, tun ba ki san hannun damanki ba nake wannan aiki, ba ke za ki koya min launin ruwa ba. Kika ɗauko farar takarda kika kara a bayan tanki, kika aika a kira mahaifiyarki. Ta zo ta dubi tanki, ta dube ni. Yaran nan duk suka sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Malam, gobe za mu shiga Kano a duba idon nan."

Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci daga gefe. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe ragowar da ɗigon magani. Da na saurari masu ce min ina karo da kujeru, da wataƙila ragowar ta fi haka yawa. Tun daga lokacin ke ce idona a kan na'urar. Ke kike karanta min rubutun jikin kwalba, ke kike auna magani, ni sai dai in ɗora tafin hannu a kan lagireto in ji zafi, in kasa kunne ga famfo. Don haka in wani ya ce miki ya ga abin da ba ki gani ba, a aikinki ko a jikinki, kada ki yi irin tawa. Ki ɗauko farar takarda ki kara.

Ga yadda na bar miki na'urar. Na zuke ruwan kaf da lalube, don hanyar nan tamu ba a ɗaukar na'ura da ruwa a ciki. A cikin kwali akwai jarkar da muka haɗa tare, tataccen ruwa da maganin nan marar launi mai hana tsatsa da gansakuka, daidai awon da aka rubuta a jikin kwalbarsa. In ya ƙare, ki sayi irinsa, ko wanda aka riga aka haɗa, in dai garau ne. Kada ki gauraya na kamfani biyu, don ba ki san abin da kowa ya zuba a nasa ba. In za ki canja iri, ki ɗauraye da tataccen ruwa tukuna. Ranar da za ki cika, ki ba famfo wuta shi kaɗai, sauran na'ura a kashe, ki naɗa farar takarda mai laushi a kowace mahaɗa, ki bar shi ya wuni yana juyawa. In ba inda ya jiƙe, sannan ki kunna. Ki ajiye na'urar nesa da taga. Jarkar kuma ki ɓoye ta a saman durowa, ki rubuta guba a jikinta da manyan baƙaƙe irin nawa. Wasu irin maganin nan suna da ɗan zaƙi, ga shi gidan Gwaggonki akwai masu rarrafe. Tsohon ruwa ma kada ki zubar inda kaji ko awaki suke sha.

Kwalbar hodar tana nan a gefen jarka, ban cire ta ba. Na'urar taki ce, na gama faɗin nawa.

Abu biyu kawai nake roƙo. Na farko, ruwan da ke cikin jarkar nan shi ne na ƙarshe da hannuna ya taɓa. Na san halinki, don nawa kika ɗauko. In shekara ta zagayo, ko ina nan ko ba na nan, ki zubar da shi. Kada ki ce na Baba ne. Ni ba a cikin tanki nake ba. In kina son yi min wani abu, kin ji abin da mahaifiyarki ta ce.

Na biyu, shagon ya yi shiru. Jiya da na shiga ɗauko makar nan, na tsaya ina jiran ƙarar famfo, sai na tuna. Kunnena bai saba ba tukuna. In kin kira ranar Juma'a, bayan kin gama da mahaifiyarki, ki ce a ba ni. Ba sai kin ba ni labari mai tsawo ba. Ki kara wayar a jikin famfo in ji muryarsa, sannan ki sa farar takarda a bayan tanki ki faɗa min launin ruwan. Duk abin da kika ce, wannan karon zan yarda.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare miki idonki da mutuncinki da abin sana'arki. Ya haɗa ki da masu faɗa miki gaskiya, ya ba ki kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Allah ya jiƙan Inna, ya yi miki albarka irin wadda ta sa min. Haske ya bar bakin zaure, a nan zan tsaya.

Wassalam.

Mahaifinki.